Gwangwanin Surukin Malam Haliru

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu, nan cikin Gwandu, a shekarun nan ashirin da suka wuce, ko daga barci ka tashe shi ka ce masa "kilo", zai ce "dubu" kafin ya gama buɗe ido. Aikin Malam Haliru ke nan. Malamin lissafi ne, dogo, siriri, mai tafiya a hankali kamar wanda ya zuba ƙwai a aljihu. Taubashina ne, uwata da ubansa ɗaki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando nake da lasisin tsokanarsa, kuma ban taɓa bari lasisin ya mutu ba.

Kowane malami da abin da ya fi so a karatunsa. Shi Haliru Allah ya ɗora masa son ɗafa-goshi, wato ɗan guntun nan da ake liƙa wa kalma a gaba ya sauya mata aiki. Ranar farko da yara suka shigo ajinsa ba ya fara musu da lamba. Sai ya rubuta "noma" a allo, ya sa mata "ma" a gaba, ya gyara ƙarshen, ga manomi ya fito. Ya rubuta "buɗe", ta zama mabuɗi. Ya rubuta "Kabi", ya sa mata "ba", ga Bakabe. Sai yara sun saki jiki sun ɗauka yau an yafe musu lissafi, sannan ya jawo wata sandar gora daga bayan ƙofa, wadda ya yanke daidai mita ɗaya.

"Wannan mita ce," in ji shi. "Ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Amma sa mata kilo a goshi ta zama dubu, sai ka nemi mai mashin ya kai ka. Sa mata senti ta koma faɗin farcenka. Sa mata mili ta koma kaurin farcen, kashi ɗaya cikin dubu. Haka lita, haka giram. Kada ku tsaya kallon girman lamba. Ku fara duban abin da ke goshi."

Da wayoyi suka cika gari sai kasuwarsa ta fito har wajen makaranta, don mega da giga sun shiga bakin mutanen da ba su taɓa zama a benci ba. Ina nan ranar da wani dattijo mai sayar da goro ya dage a majalisarmu cewa data mega ɗari biyar ta fi giga biyu, tunda ko jariri ya san ɗari biyar ta fi biyu. Haliru ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mudu ya ce wannan mega ce, ya zana rumbu ya ce wannan giga ce, mudu dubu ke cikinsa. Bai saki dattijon nan ba sai da aka kira magariba, shi ma alwala ce ta raba su.

Sau ɗaya na ga an girgiza shi a fannin. 'Yarsa Halima Sadiya, mai karatun kwamfuta a jami'ar da ke Kalgo, ta zo hutu ta ce masa su a wurinsu wani lokaci kilo dubu ne da ashirin da huɗu, saboda na'ura biyu-biyu take ninka lissafinta. Ya ce, "Wa ya ba su izinin ƙarin?" Tuwon ranar rabi ya ci. Daga baya ta nuna masa an yi wa wancan nasa goshin daban, kibi ake ce masa, don kada a ɓata wa kilo suna. Sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ashe a cikinsu ma akwai masu mutunci.

Ka ga dai irin mutumin. Kuskure ba ya wucewa ta gabansa ya bar shi ya tafi lafiya. Ya gyara wa hedimasta, ya gyara wa mai duba makarantu a gaban yara, ya taɓa tsayar da layi a wurin mahauci yana bayanin bambancin rabin kilo da giram ɗari huɗu har nama ya fara tara ƙuda. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa gyara wa ko zaman hula ba, shi ne surukinsa, Baffa Khalilu na Dodoru, mahaifin matarsa Tasalla.

Kowa yana kunyar suruki, amma ta Haliru ta kai inda ake ba da labarinta. Tun da ya auri Tasalla bai taɓa shan ruwa a gaban Baffa ba, balle ya ci abinci. Bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. In ka tambaye shi kamannin surukinsa, takalmansa zai siffanta maka, har inda aka yi musu ɗinki. Akwai shekarar da aka kawo masa wani ɗalibi mai suna Khalilu, yaron ya gama ajin bai ji sunansa a bakin malaminsa ba, "Mai Sunan Manya" ake kiransa har a jarrabawa. Shi ma Baffa mutumin da ne, ba ya sassauci. Tasalla ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya faɗin sunanta, ba ya yi mata magana kai tsaye. "Ta Gwandu" yake ce mata, mijinta kuma "malamin makaranta".

Saboda haka Haliru ba ya zuwa Dodoru sai da ni. Ni ne bakinsa. Sai mu tsaya mu uku, kusa da kusa har muna jin numfashin juna, Baffa ya ce, "Abdulhakim, tambayi malamin makaranta ya mutanen gida." In juya in ce, "Wai ya mutanen gida." Haliru ya gaya wa ƙasa cewa lafiya lau, ni kuma in sake juyawa in kai saƙo. Wuyana ya saba.

Baffa manomin albasa ne, kuma ba ya sayen iri a kasuwa. Irinsa daga ubansa ya gaje shi, wata jar albasa mai tauri da ke daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba, wadda 'yan sari daga Aliero ke zuwa nema da sunanta. Kowace shekara sai ya ware manyan cikinta ya sake dasawa su yi fure, ya tara irin a gora ya rataye a ɗakinsa. A shekarar da nake ba da labari irin ya zo da ƙaranci, ruwa ya ɓata furen bara. Da damina ta ja baya Baffa ya juye goran kaf, ya yayyafa a kwami shida, wato 'yan fangalin renon iri, huɗu da farko, biyu daga baya. Bai rage ko ƙwaya ba. Abin da ke cikin kwamin nan shida shi ne dukan irin gidansu a duniya.

Sai ƙananan ƙwari suka sauka wa kwami huɗun farko. Haliru ya ji a bakin Tasalla, ya ga dama ta samu da zai yi wa suruki abin kirki ba tare da an yi magana ba, wanda shi ne irin alherin da ya fi so. Ranar da ya kai wa Halima Sadiya garin tuwo da manja a Kalgo, ya biya shagon Iliya, wani mutumin Zuru mai sayar da magungunan gona, ya ce a ba shi maganin ƙwari mafi kyau.

Iliya ya ɗauko wata 'yar kwalba ya ce, "Malam, wannan ba irin na da ba ne. Mililita ashirin a tanki guda, murfi biyu ke nan. Kada a wuce, ƙaramin iri ba ya ɗauka."

Haliru ya ɗan ja baya. "Ni za ka koya wa mili?"

"Ba kai ba, Malam. Mai gonar."

Ranar Asabar muka hau mashin ɗina muka tafi. Mun tarar da Baffa a fadama. Aka gaisa ta hanyar da aka saba, Haliru ya miƙo mini kwalbar, na miƙa wa Baffa. Ya jujjuya ta, ya ce in gaya wa malamin makaranta Allah shi yi albarka, na gaya masa. Ya cika tankin feshi da ruwa, irin wanda ake goyawa a baya. Sannan ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, duk ya yi tsatsa, bakinsa ya lanƙwashe. Da shi yake awo tun ranar da ya fara feshi a rayuwarsa. Maganin da ya saba da shi gwangwani ɗaya ake sa wa tanki, kuma a wurin Baffa magani magani ne, kamar yadda gishiri gishiri ne. Ya buɗe kwalbar ya fara tsiyayawa.

Na ji an taka mini ƙafa. Na ce, "Taubashi, ƙafata ce wannan, ba birki ba."

Haliru ya yi tari. Ya sake yin tari. Gwangwani ya cika har baki.

Baffa ya ce, "Abdulhakim, ka ce ma malamin makaranta shi matsa baya, warin na da ƙarhi." Ya juye gwangwanin a tanki, ruwan ya koma fari kamar nono. Ya motsa da kara, ya rufe. Sai kuma ya yi abin da a wurinsa girmamawa ce babba. Ya ce tunda malamin makaranta ne ya sayo, shi zai fara feshin da hannunsa, don albarka.

Ni na taimaka aka goya masa tankin. Ban san komai ba a lokacin. Daga baya ya gaya mini lissafin da ya yi a tsaye a wurin: in ya yi sauri, abin da zai sauka a kan kowane tsiro zai ragu. Don haka Malam Haliru, wanda ko ruwan sama ba ya sa shi ɗaga ƙafa, ya zuba da gudu a gefen kwami, tanki na tsalle a bayansa, riga na kaɗawa, yana yarfa sandar feshin sama-sama kamar mai korar kaji. Kafin in rufe baki ya gama kwami huɗu ya dawo yana haki.

Baffa ya bi shi da kallo har ya tsaya. Ya ce, "Abdulhakim, ka ce mai ba tsere na ba. Albasa ba ta sha ba. Shi koma."

Na juya na ce, "Wai ka koma."

Ya koma. Wannan karon Baffa na biye da shi a baya, hannu a goye, yana nuna duk inda bai jiƙe ba, ni kuma ina tsakiya ina isar da saƙo. Sai da tanki ya ƙare ƙaf. Kwami biyun nan na baya Baffa ya ce a bar su, ba su yi ƙwari ba tukuna, sai wani mako. Fuskar Haliru ta jiƙe sharkaf, na ce a raina zufa ce.

A hanyar komawa, da muka bar gari, sai ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya zauna a gindin wata bedi, wato dogon yaro, ya ce, "Gwangwanin nan yana cin mililita ɗari da sittin. Ashirin aka ce. Ninki takwas, Abdulhakim. Kuma sau biyu na bi."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Da wane baki?"

"Da nawa mana. Ai don shi kake ɗauko ni, ba don kyawuna ba."

"In ce ka ce masa ya yi kuskure? Yana tsaye yana ji?"

Nan ya kama ni. Aikina na baki ya yi shekaru yana tafiya lafiya ne saboda ba a taɓa ɗora masa kaya ba, daga ya gida sai ya gona. Duk abin da Haliru zai faɗa mini, Baffa ya riga ni ji. Na fara dariya, tunda gudun nan bai bar idona ba, sai na ga yadda ya sa kai tsakanin gwiwoyi, na haɗiye sauran.

Da ya isa gida ya gaya wa Tasalla ta kira Inna, mahaifiyarta, a waya ta ce a gaya wa Baffa murfi biyu kawai ake sawa, gwangwani yana ƙona iri. Tasalla ta ga maganar ta yi kaifi a ce daga bakin miji ta fito zuwa ga uba, sai ta ɗan goge ta. Ta ce, "Inna, Malam ya ce maganin nan yana da ƙarfi ƙwarai, a riƙa sa kaɗan." Inna kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa gaya wa Baffa yadda zai yi noma ba, kuma ba ta ga dalilin farawa da tsufanta ba. Da ta kai masa fura ta ce, "Malam ya aiko, ya ce maganin mai ƙarfi ne, mai kyau ya zaɓo maka." Baffa ya ce a ce masa ya gode, Allah shi saka da alheri. Wannan saƙon ya dawo Gwandu cif, ko ɗigo bai zube ba. Godiya ce kaɗai ke iya bin hanyar nan ta isa da ranta.

Kafin tsakiyar mako kwami huɗun sun fara fari daga sama, sannan suka kwanta kamar gashin da wuta ta lasa. Labari ya zo ta hanyar da aka saba: Baffa ya ce ƙwarin bana masu taurin kai ne, sun fi ƙarfin gwangwani ɗaya. Ranar Asabar zai sa gwangwani biyu ya fesa wa kwami biyun da suka rage tun ƙwarin ba su kai gare su ba. Kuma yana son malamin makaranta ya zo, tunda ya fara gane feshi.

Makon nan Haliru bai koyar da komai ba. An ce ya rubuta "mili" a allo ya tsaya yana kallonta har yara suka fara ƙus-ƙus, sai ya ce kowa ya zana abin da yake so. Ya zo shagona da yamma, ina kan keken ɗinki, ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana kawo dabaru ina rushewa. Ya ce ko a ɗauke kwalbar a ɓoye. Na ce a ƙarƙashin gadon Baffa take kwana, in ya ga zai iya shiga ɗakin surukinsa ya yi rarrafe, ni zan riƙe masa takalma. Ya ce ko a sayi wani maganin mai sauƙi a aika. Na ce Baffa ba zai ajiye kyautar suruki ya ɗauki wata ba sai ya ga ƙarshen kwalbar. A ƙarshe muka tsaya a kan ni zan faɗa, a matsayin abin da na ji a gari, ba daga kowa ba.

Asabar da hantsi muka isa. Na ga kwami huɗun da idona, ƙasa ce kawai da ɗan bushasshen zare-zare a kai. Baffa na tsugune a gefensu yana tsintar matattun yana murzawa a yatsa. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba. Can gefe kwami biyun suna nan kore shar, sirara, suna kaɗawa. Aka gaisa. Ya cika tanki da ruwa, ya sa hannu a aljihu.

Na gyara murya na ce, "Baffa, na ji ana cewa irin wannan maganin murfi biyu ake sa masa."

"Wa yac ce?"

"Haka dai ake faɗa a Kalgo."

Ya dube ni sama da ƙasa, ba da faɗa ba. "Abdulhakim, kai tela na. In na kawo maka yadi ka ɗora tef, ba ni ce maka komi. Wanga aiki tun ba a haihe ka ba nika yin shi." Ya nuna Haliru da haɓa, bai dube shi ba. "Wanda yas sawo maganin ga shi nan tsaye. Malami na, har hedimasta shika gyara ma karatu, labari ya iske mu. Ran nan gabanshi na auna, da idonshi yag gani, da bayanshi yag goya. Da ya yi yawa ai da ya hwaɗi."

Shirun da Haliru ya yi don girmamawa, Baffa ya ɗauke shi a matsayin sa hannun malami. Duk duniya ba wanda zai iya warware wannan sai mai shirun.

Baffa ya cika gwangwani ya juye a tanki. Ya sake kafa bakin kwalbar, na biyu ya fara cika. Na ji motsi a bayana. Haliru ya tuɓe takalma, ya zo ya wuce ni, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa a cikin laka a gaban surukinsa.

"Baffa."

Muryar ta fito siririya kamar ba tasa ba. Hannun Baffa ya tsaya cak.

"Baffa, kada a zuba."

Da bakin ya buɗe kuma sai ya kasa rufuwa, kuma ba shi da wata hanyar magana sai ta aji. Kansa a ƙasa, ya sa yatsa a laka ya zana kwalba ya ce wannan lita ce. Ya ce in an raba ta gida dubu, kowane gida shi ne mili. Ya ce takardar jikin maganin gida ashirin ta ce, gwangwanin Baffa kuwa gida ɗari da sittin yake ci. Ya ce maganin da an riga an sirka shi, wannan kuwa ba a sirka ba, shi ya sa kwalbar ta zo ƙarama. Yana yi yana share zanen da gefen hannu yana sakewa, kamar akwai yaron da bai gane ba a bencin baya. Sannan ya ɗauke yatsa daga lakar.

"Ba ƙwari ne suka kashe kwamin can ba, Baffa. Maganin ne. Ni na fesa."

Can nesa injin ban-ruwan wani yana ta bugawa. Baffa ya karkata gwangwanin a hankali ya mayar da maganin cikin kwalba, bai zubar da ko ɗigo ba, ya murɗa murfin. Ya ce, "Abdulhakim, tambaye shi. Waccan Asabar, ya san haka?"

Ban juya ba. Ba amfani.

"Na sani, Baffa."

"Tun kahin in zuba?"

"Tun daga Kalgo."

Baffa ya juya ya daɗe yana kallon kwami huɗun. Da ya yi magana ba da ni yake ba, ba kuma da Haliru ba. Ya ce, "Shekara da shekaru ina gaya ma mutane ba wanda Allah yab ba suruki mai kunya irin nawa. Ashe kunyar har albasata za ta ci." Ya ƙara da cewa, "Ubana bai bar man shanu ba, bai bar man gidan bulo ba. Wanga iri yab bar man."

Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Haliru ya ƙara sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa zanen da ya yi. Ni da na zo da shirin samun abin tsokana na shekara guda, na tsinci kaina ina kallon yatsun ƙafata.

Baffa ya ce in ɗauki tankin in kai can nesa da rijiya, in haƙa rami in juye, in wanke shi sosai in cika da sabon ruwa. Na yi na dawo. Ya ɗauki kwalbar ya miƙa, ba ta wajena ba.

"Haliru. Auna."

Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, shi ma mai sunan bai taɓa ji ba. Ya karɓa da hannu biyu. Murfi ɗaya, murfi biyu. Baffa ya leƙa tankin ya ga ruwan ko launi bai sauya sosai ba, ya ce, "Shi ke nan?" Haliru ya ce shi ke nan. Baffa ya goya tankin da kansa.

Kwami biyun sun rayu. Abin da aka dasa daga cikinsu bai kai na sayarwa ba, Baffa ya ware shi duka don iri. A shekarar 'yan sarin Aliero sun zo sun koma da buhunansu a naɗe. Maƙwabtan gona sun yi ta tambayar abin da ya sami albasar Khalilu, shi kuwa amsa ɗaya yake ba kowa, ƙwari ne. Bai taɓa ambaton surukinsa ba, ko ga Inna. Haliru ya ce mini wannan rufin asirin ya fi komai hana shi barci, don da an yi ta yi masa dariya a Dodoru da ya ji ya rage wani abu. Duk hutun makarantar ya ƙare shi a fadama, shi ne dashe, shi ne ban-ruwa, har tafin hannunsa mai alli ya yi kanta. Ni ma ban ba da labarin ba sai yanzu da Baffa da kansa ya fara ba da shi, in ya tuna gudun nan ya yi dariya har ya share hawaye.

Ni dai na rasa aikina. Baffa ya sa an saka masa lambar Haliru a waya, kuma yanzu kai tsaye yake kira. Maganin ido ne, takin ruwa ne, maganin tarin jikarsa ne, duk abin da aka rubuta wa lamba a jiki sai an karanta wa malamin makaranta ya faɗi ko mili ne ko mene ne. Haliru bai saba ba har yau. Da wayar ta yi ƙara ya ga mai kiran, sai ya tuɓe takalma ya durƙusa a inda yake, ko a tsakiyar aji, ko a bakin titi. Na taɓa ganinsa tsugune a gaban mai kifi a kasuwa yana cewa, "Cokali ɗaya, Baffa, ƙaramin," mutane na kewaye shi suna wucewa.

Da irin ya nuna aka sussuke, Baffa ya ƙulle wani kaso a ƙyalle ya aiko Gwandu, ya ce a ajiye a gidan Haliru, bai kamata abin ya sake zama a hannu ɗaya ba. Tasalla ce ta karɓa ta sa a cikin kwalla a ɗakinta, don mijin nata ya ce ba zai iya kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Kwanan baya na je gidan na tambaye shi, don neman magana, ko giram nawa ne a ƙullin.

Ya dubi ƙasa ya ce, "Ban auna ba."